Gam ɗin da ke kamawa a cikin ruwa: amsa ga mai kiwon tarwaɗa a Kwalkwalawa

"Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tarwaɗa a gefen Kwalkwalawa, ina da kwami biyu na siminti da guda na tampol. Ɗaya daga na simintin ya tsage, ruwa na zurarewa, ga kifi ciki sun kusa isa sayarwa. Mun sa Super Glue, mun sa gam na fayif, duk sunka ɓalle tun ba a je ko'ina ba. Yarona ya gwada min a waya cewa Turawa sun kwaikwayi wata halitta ta teku sun yi gam mai kamawa cikin ruwa. Gaskiya ne? Mi as sa gam ɗinmu ba ya kamawa? Kuma ana samun wancan a nan Sakkwato, ko akwai abin da za mu haɗa da kanmu, kamar ƙaro?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kiwo. Tambayarka uku ce a ƙunshe: dalilin da gam ke ƙin kama abu jiƙaƙƙe, gaskiyar labarin da yaronka ya gani, da abin da za ka yi wa kwaminka yau ba gobe ba. Labarin gaskiya ne, amma gam ɗin bai iso shagunan Tsohuwar Kasuwa ba, kuma ko da ya iso ba lallai ya zama shi ne maganin tsagewar siminti ba. Aikina sinadaran roba da gam ne, a kansu nake koyarwa, don haka zan ɗan daɗe a kan dalili. Wanda ya gane dalilin ba zai sake ɓarnar kuɗi a kan gam ɗin da ba na wurin ba.

Abin da ke tsakanin gam da bango

Gam yana kama abu ne idan ya taɓa shi taɓawa ta gaske, wato ƙwayoyin sinadarinsa suka matsu da na jikin abin har babu komai a tsakani. Tazarar da ake magana a kai ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. To siminti da ƙarfe da dutse da gilashi duk masu son ruwa ne. Da zarar sun jiƙe, wani siririn shimfiɗin ruwa yakan lafe a jikinsu ya ƙi tashi, ko ka goge da tsumma yana nan. Idan ka shafa gam, a kan wannan shimfiɗin ya zauna, bai ga siminti ba ko kaɗan. Kamar mutum ne ya je gaisuwa fada ya tarar dogarai sun cika ƙofa: ya zo, amma bai gana da sarki ba.

A kwamin kifi ma abin ya fi haka muni, domin bayan ruwa akwai santsin nan mai yauƙi da gansakuka da ke bin bango, ga maiƙon abincin kifi. Gam ya kama yauƙin, yauƙin ya saɓule da shi.

Super Glue yana da nasa halin na daban. Danshi ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa yake manne yatsu nan take amma ya daɗe bai bushe a kan busasshen katako ba. Idan ka matsa shi cikin ruwa, bayansa yakan daskare ya yi farin ɓawo kafin ya bazu a jikin bangon, sai ka ga ɗan ƙulli fari yana lilo. Shi kuwa gam na fayif ba gam ba ne a haƙiƙa. Narkar da fatar robar PVC yake yi, ɓangarorin biyu su cakuɗe, in sinadarin ya tashi su zama abu guda. Siminti ba ya narkewa da shi, saboda haka babu abin da zai yi maka. Ƙaro kuma, wanda ka ambata, ruwa ne abincinsa: shi ya sa ake sa shi a tawada, a kuma wanke allo rubutun ya fita. Duk gam ɗin da sai ruwan cikinsa ya bushe yake kamawa, irin farin gam na kafintoci, labarinsa ɗaya da ƙaro.

A nan akwai bambancin da mutane da yawa ke cakuɗawa, har da masu sayarwa. Gam mai jure ruwa daban, gam mai kamawa cikin ruwa daban. Na farko ana sa shi a busasshe, in ya gama kamawa ruwa ba ya ɓata shi. Kakanninmu sun ƙware a wannan: laso da ake shafe rijiyoyin marina da shi, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da ruwan dafara, yakan riƙe ruwan baba shekara da shekaru. Amma a busasshen rami ake shafa shi. Na biyun shi ne mai wuya, shi ne kuma wanda halittun ruwa suka riga mu sani.

Yadda ƙumbar teku ke yi

Halittar da yaronka ya gani kusan tabbas ƙumbar teku ce, ’yar'uwar makankarin da yara ke tsinta a bakin Rima. Namu na gulbi idan sun girma a laka suke nutsewa, ba sa manne wa komai. Ta teku kuwa a kan duwatsun bakin gaɓa take zama, inda igiyar ruwa ke dukanta dare da rana, kuma ba ta faɗuwa. Tana ɗaure kanta da wasu zaruruwa kamar gashi, sukan kai 50 zuwa 100, kowanne da ɗan faifai a bakinsa mai faɗin milimita 2 zuwa 3 wanda ke manne da dutsen. Cikin ’yan mintoci take ƙera zare guda.

A 1981 wasu masana biyu a Amurka, Herbert Waite da Marvin Tanzer, suka gano cewa furotin ɗin wannan faifai cike yake da wani sinadari da ake kira DOPA. Likitoci sun san shi, domin da shi ake maganin ciwon karkarwa na Parkinson. Abin da ya sa ya yi fice shi ne wani ɓangare na jikinsa mai suna katikol, zobe ne mai hannuwa biyu kusa da juna. Hannuwan nan biyu suna damƙar dutse ko ƙarfe a lokaci guda, kuma damƙar ta fi ta ruwa ƙarfi, don haka suna iya ture shimfiɗin ruwan su zauna a gurbinsa. A furotin ɗin da ke can ƙasa, wanda ke taɓa dutsen kai tsaye, kusan kashi 30 cikin 100 na tubalansa DOPA ne.

Shekaru da dama an ɗauka magana ta ƙare a nan: a zuba katikol a roba, a sami gam. Aka yi ta zubawa, sakamakon yana fitowa rabi da rabi. Daga baya aka fahimci cewa dabarar ƙumbar ta fi sinadarin nata muhimmanci, kuma wannan ne sashen da ni kaina na fi sha'awa.

Da farko tana fito da ƙafarta, wata tsoka kamar harshe, ta laluba dutsen ta share wurin. Sannan ta kifa bakin ƙafar kamar yadda wanzami ke kifa ƙaho, ta keɓe ɗan wuri daga ruwan teku. A cikin wannan keɓaɓɓen wuri take zuba gam ɗin, kuma tana zuba shi da tsami mai ƙarfi, kusan na lemun tsami. Dalili kuwa katikol yana da rauni: idan ya haɗu da iska a ruwan da ya karkata wajen kanwa, yakan sauya ya yi duhu ya rasa damƙarsa. Kai ma ka san wannan sauyin, shi ne wanda ke sa yankakken dankali ko gauta ya yi baƙi in an bar shi, danginsa ne kuma ke rina bakin mai cin goro. Cikin tsami katikol yana zama lafiya har ya kama dutsen. Sai ta ɗage ƙafar, ruwan teku ya shigo, shi kuwa ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami da kanwa, wajen 8 ne, ɓangaren kanwa ke nan. Sauyin nan daga tsami zuwa kanwa shi ke daskarar da gam ɗin. Abin da zai lalata shi da a farko ya zo, shi ne ke ƙarfafa shi da ya zo a ƙarshe. Akwai kuma ƙarfe, wanda ƙumbar ke tsotsa daga ruwa ta tara: ƙwayar ƙarfe guda tana iya riƙe katikol har uku, ta ɗinke zaruruwan furotin da juna, ɗinkin da in ya ɓalle yakan sake kamawa da kansa. A 2015 an ƙara gano cewa wani tubalin furotin mai suna laisin, da ke maƙwabtaka da DOPA, shi ke fara korar gishirin da ya lafe a jikin dutsen ya buɗe wa katikol hanya.

In ka lura, aiki huɗu ta yi a jere: ta share, ta kori ruwa, ta kama, sannan ta daskare. Ka riƙe jerin nan, domin da shi za mu gyara kwaminka.

Ba ita kaɗai ba ce. A gaɓar Kalifoniya akwai wata tsutsa da ke gina wa kanta gida da ƙwayoyin yashi, tana ɗiga gam a kan kowace ƙwaya kamar magini da bulo. Russell Stewart na Jami'ar Utah ya daɗe yana nazarinta. Ita furotin iri biyu take haɗawa, masu cajin lantarki kishiyoyin juna, su rungumi juna su ware daga ruwa su zama wani ruwa mai kauri wanda ba ya gauraya da na teku. Ka ɗauka man gyaɗa ne, amma mai nutsewa ya bazu a ƙasa maimakon ya taso. Cikin kamar daƙiƙa 30 ya riƙe, cikin sa'o'i ya taurare. Akwai kuma banakul, halittar da ke fesowa a gindin jiragen teku kamar ƙuraje har sai an kankare ta da ƙarfe. Ita ba ta dogara da DOPA ba: maiƙo take fara fitarwa ya kori ruwa da datti, sannan simintinta ya biyo. Har a ruwan daɗi irin namu akwai gwanaye. Wata ƙwayar bakteriya mai suna Caulobacter, da ke zaune a koguna da fayif ɗin ruwa, an auna gam ɗinta a 2006 aka ga yana ɗaukar abin da ya kai kimanin kilo 7 a kan murabba'in milimita guda, ya zarce Super Glue. Matsattsaku kuwa, wanda duk mai aikin fadama ya san kamunsa, ba gam yake amfani da shi ba, tsotso ne, irin na ƙahon wanzami. Wannan ma hanya ce da injiniyoyi ke kwaikwayo, amma wani zance ne.

Ina aka kwana wajen kwaikwayo

Tatsar gam ɗin daga ƙumba ba sana'a ba ce: ana ƙiyasta sai an tara kimanin 10,000 kafin a sami giram ɗaya. Akwai wanda ake sayarwa da sunan Cell-Tak, amma da miligiram ake auna shi, masu bincike ke manna ƙwayoyin halitta a gilashi da shi. Don haka hanyar da aka bi ita ce ƙera roba a ɗaura mata hannuwan katikol. A 2007 Haeshin Lee da Phillip Messersmith suka nuna cewa sinadarin dofamin, ɗan'uwan DOPA, yana iya lulluɓe kusan kowane irin abu da siririn rufi, har da robar nan ta Teflon da ba ta yarda da komai. Jonathan Wilker na Jami'ar Purdue ya haɗa katikol da robar da ake farin soson kwali da ita, ya sami gam ɗin da a gwajinsa na 2017 ya fi gam ɗin kasuwa riƙo a cikin ruwan gishiri, aka kafa kamfani don sayar da shi. A 2025 masu bincike a Jami'ar Hokkaido ta Jafan suka tace jerin dubban furotin masu danƙo da kwamfuta, suka ƙera wani abu mai laushi kamar ganda dafaffiya. Sun manna agwagwar roba a kan dutsen bakin teku igiyar ruwa ta yi ta dukanta ba ta faɗi ba, sun kuma toshe huda mai faɗin milimita 20 a fayif mai ruwa. Ina kyautata zaton irin wannan hoton ne yaronka ya nuna maka.

Inda aka fi zuba kuɗi kuwa asibiti ne, domin cikin jikin mutum ma jiƙaƙƙen wuri ne, kuma wanda zai manne jijiya mai zubar jini ba zai yi cinikin farashi ba. A 2021 wata tawaga a jami'ar MIT ta Amurka ta kwaikwayi banakul ta yi wani kwaɓi mai maiƙo da ke ture jini ya rufe rauni cikin ƙasa da minti ɗaya, a gwajin da aka yi kan ɓeraye da aladu. Wanda ya fi shiga gidajen mutane ba tare da sun sani ba shi ne na Kaichang Li na Jami'ar Jihar Oregon, da ya gyara furotin ɗin waken soya bisa darasin ƙumba aka yi gam na falanki maras sinadarin fomalin, tun wajen 2005 ake sayar da katakon. Sai dai shi mai jure ruwa ne, ba a cikin ruwa ake sa shi ba.

Me ya hana su cika kasuwa? Tsada na ciki. Saurin lalacewar katikol a ajiya na ciki, balle a zafin Afrilun Sakkwato da ke haura digiri 40. Sannan gwajin ɗakin bincike a kan gogaggen ƙarfe ko gilashi mai tsabta ake yin sa, ba a kan bangon da tarwaɗa ta shekara tana goga wa yauƙi ba. Duk wanda ya kawo maka kwalba a yau ya ce gam ɗin ƙumbar teku ne, ka karanta bayanta da kyau. Yawancin abin da ake rubuta wa "na cikin ruwa" ifoksi ne na yau da kullum, gam ɗin nan mai zuwa kashi biyu ana haɗawa.

Bagaruwa

Ka tambayi ko akwai abin da za mu haɗa da kanmu. Ƙaro dai a'a. Amma akwai abin da ya fi ƙaro kusa da amsar, kuma majeman garin nan sun fi ƙarni nawa suna jiƙa hannu a cikinsa. Sinadarin da ke cikin bagaruwa mai jeme fata, wato tanin, cike yake da zobba masu hannuwa biyu da uku irin na katikol. Jima kanta ba komai ba ce illa waɗannan hannuwa suna damƙe furotin ɗin fata, a cikin ruwa tsundum, har fatar jar akuyar Sakkwato ta zama kirgin da ba ya ruɓewa. Idan baduku ya shafa kuloko a jemammiyar fata ta koma baƙa wuluk, ƙarfen da ke cikin kulokon ne ya haɗu da tanin, haɗuwar da ƙumba ke ɗinke zarenta da irinta. Makuba da ake yayyafa wa daɓe da katanga, daga ɓawon ɗorawa, ita ma tanin ce ke kama jar ƙasa. Ranar da na fara haɗa waɗannan a raina, a tsakiyar darasi ne, sai da na yi shiru ɗalibai suka ɗauka na manta abin da zan faɗa.

Masu bincike a waje sun bi wannan hanya. A 2023 Gudrun Schmidt, ita ma a Purdue, ta fitar da gam da aka haɗa da furotin ɗin masara da tanin, wanda ke kamawa a cikin ruwa. Masara da tanin, Alhaji. Babu wanda ba mu da shi.

Na gwada nawa a ƙaramin mataki. Na dafa dakakkiyar bagaruwa na tace, na zuba ruwanta a kan narkakken jelatin, wanda furotin ne irin na romon ganda. Nan take wani abu mai danƙo ya ware ya kwanta a gindin kofi, kamar cingam mai ruwan ƙasa, ba ya narkewa a ruwan sanyi. Na manna ’yan guntayen katako biyu da shi a cikin bokiti, suka kama, har na ɗaga ɗaya ɗayan ya biyo. Amma da na ja da ƙarfin hannu sai danƙon ya miƙe ya rabu ta tsakiyarsa: ya kama katakon, shi ne bai kama kansa ba. Da ruwan ya ɗumama da rana ya ƙara saki, bayan ’yan kwanaki ya fara wari. Wato na sami mataki na uku, na huɗu ya gagara. Abin bincike ne mai kyau ga ɗalibi, amma kada ka kai shi kusa da kifinka. Ruwan bagaruwa mai kauri yana cutar da kifi.

Abin da za ka yi wa kwamin

Ni ba magini ba ne, kuma ban ga tsagewar da idona ba, don haka ka sami magini wanda ya saba da tankin ruwa ya duba tare da kai. Abin da zai fara tantancewa shi ne ko tsagewar ta tsaya ko tana tafiya. Ƙasar fadama laka ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, kwamin da aka ɗora mata ba tare da kyakkyawan tushe ba yakan motsa da ita. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagewar ta waje, ka dawo bayan mako. In ta wuce layin, duk wani abu mai tauri da ka cusa zai sake tsagewa, maganinta shimfiɗa tampol a ciki ko gyaran tushe.

In ta tsaya, shawarata ta farko ita ce wadda ba ka so: ka kwashe kifin zuwa ɗaya kwamin na ’yan kwanaki, ko ka rage ruwa ya sauka ƙasa da tsagewar, ka yi gyara a busasshe. Tunda sun kusa isa sayarwa, kana iya ma lallaɓawa da ƙarin ruwa har ka sayar, sannan ka yi aiki mai kyau. Gyaran busasshe ya fi na cikin ruwa ƙarko nesa ba kusa ba.

In babu hali, to ka bi jerin ƙumba. Ka nemi ifoksi mai kamar tuwo, wanda ke zuwa kala biyu ana murzawa da hannu, wanda aka rubuta ana iya sa shi cikin ruwa, zai fi kyau in an ce ya dace da ruwan sha. Ba irin na ruwa-ruwa mai tiyub biyu da ake manna kofi da shi ba. Ka fara kankare wurin da burushin ƙarfe har ka ji kaushin siminti a yatsa, faɗin tafin hannu kowane gefe, kuma ka sa facin nan take kafin yauƙi ya dawo. Ka murza har kalar ta zama ɗaya, ka sa safar hannu. Ka dunƙula shi, ka danna tsakiyarsa a kan tsagewar, sannan ka riƙa murza shi daga tsakiya zuwa gefe. Wannan murzawar ita ce korar ruwa, ita ce aikin da ƙafar ƙumba ke yi. Wanda ya faɗaɗa shi kamar waina ya kifa, ya rufe ruwa ne a ƙarƙashi. Ka riƙe da hannu har ya fara tauri. Da zafinmu yakan taurare da sauri fiye da abin da aka rubuta a kwali, don haka ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Ta ciki za ka sa facin, ba ta waje ba. Na san ta waje ta fi sauƙi, amma lissafi ya ƙi. Ruwa mai zurfin mita 1 yana danna gindin kwami da nauyin kusan tan 1 a kowane murabba'in mita. A kan faci mai santimita 10 tsawo da faɗi, wajen kilo 10 ke nan, dare da rana. In facin yana ciki, nauyin nan danna shi yake yi a bango, yana taya ka. In yana waje, tura shi yake yi ya ɓamɓare.

Akwai kuma siminti mai saurin kamawa da ake toshe yoyo da shi, wanda ke taurare cikin minti 3 zuwa 5 ko ruwa na fita. Siminti dama ba bushewa yake yi ba, sha ruwa yake ya zama dutse, shi ya sa ake ban-ruwa ga sabon gini, kuma ko na Kalambaina na yau da kullum yana iya kamawa a ƙarƙashin ruwa in ruwan bai wanke shi ba. Mai saurin kamawar shi ake iya sawa ta waje, da sharaɗin a sassaƙe tsagewar cikinta ya fi bakinta faɗi, yadda toshin zai maƙale. Hatsarinsa kanwa ce: ɗanyen siminti yana ɗaga pH ɗin ruwa ya ƙone gaɓar da kifi ke numfashi da ita. Ifoksin da bai gama kamawa ba ma ba abokin kifi ba ne. Kowanne ka yi amfani da shi, ka yi kaɗan, ka sauya wani kaso na ruwan a ranar da washegari, ka kuma lura ko kifin na tasowa sama suna haki fiye da yadda ka saba gani.

Na tampol, in ya huje wata rana, ka duba irinsa. Mai santsi mai nauyi, na PVC, yana karɓar faci daga guntun irinsa da gam na robar PVC mai laushi, har cikin ruwa: a shafa wa facin gam, a ninke shi, a nutsar, a buɗe a kan hudar a murza daga tsakiya. A yanke kusurwoyin facin su zama da'ira don kada su ɗago. Mai saƙa kamar buhu kuwa, da baƙin tankin roba na saman gida, da jarka, duk dangin robar da gam ba ya kamawa ne ko a busasshe, domin fatarsu kamar kakin zuma take. Su sai walda da zafi da guntun irin robar, ko a matse hudar da noti da washa biyu na roba ciki da waje. Na taɓa ɓata yini guda da ifoksi mai tsada a kan tankin gidana, na san ka'idar sarai amma na ce bari in gwada sa'a. Da tankin ya cika ya ɗan buɗe, facin ya faɗo guda kamar ɓawon ƙwai. Wani mai walda roba a bakin titi ya gyara shi da zafaffen ƙarfe kafin in gama shan ruwan leda.

Fayif ɗin da ke kai ruwa kwamin in ya tsage, ɗaurin robar tiyub da masu noman rani ke yi ba abin rainawa ba ne, matsi ne ke aiki a wurin kuma ruwa ba ya hana matsi. Zai riƙe ka har ka sami damar kashe injin, ka yanke wurin, ka busar, ka sa soket da gam ɗinsa. Bayan ka sayar da wannan zubin, kafin ka zuba sababbin ’ya'yan kifi, ka bar kwamin ya bushe, a sassaƙe tsagewar a cike, a yi sabon shafe da sinadarin hana yoyo, sannan ka cika shi da ruwa ka zubar sau da yawa cikin mako biyu zuwa uku don kanwar simintin ta fita.